Ƙarafa Huɗun da na Ɓoye wa Sualihu

Sallama gare ku, 'yan uwana masu bin labarin nan. Baiwar Allahn da ta rubuto tana cewa "Zuwera, ke dai mai haƙuri ce," ki gyara zama. Yau ba zan shafa wa kaina hoda ba, don abin da zan faɗa ko 'ya'yana ban taɓa faɗa musu ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni 'yar Baba Wahabu ce, makaniken zangon Salaga, wanda direbobi ke kira Wahabu Fita, don a wurinmu makanike shi ne fita. Garejinsa a ƙofar gidanmu yake, ƙarƙashin darbejiya. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, saboda haka tun ina 'yar shekara bakwai ni ce mai miƙa masa sifana. Na san lambar kowace sifana kafin in san yawan gishirin miya, abin da Mma ba ta taɓa yafe masa ba ke nan.

A shekarar 1992 ina da ashirin da biyu, kuma shekara biyu ke nan Sualihu yana zuwa wurina. Mutumin Bawku ne, dogo, mai sanyin magana. Yana da wata tsohuwar jif koriya, yana sauko da albasa, ya koma da doyarmu. Duk zuwa sai ya kawo min sabulu mai ƙamshi daga bakin iyakar Togo, ko turmin atamfa, ya zauna a bencin gareji yana murmushi. Amma goro shiru.

Wata safiya ina dama koko Mma ta tsaya a kaina.

"Zuwera, sabulu ba goro ba ne. Akwatinki ya cika da sabulu kamar kanti, ƙawayenki kuma suna goyo."

"Mma, ya ce bayan damina."

"Bara ma bayan damina ya ce. Ki faɗa masa, in watan Damba, watan Mauludin nan, ya fita mutanensa ba su shigo gidan nan da goro ba, zan aika wa mutanen Kumasi su zo. Sau biyu suna tambaya, kunya ta ishe ni."

Na faɗa masa kuwa. Yana murza makullin mota ya ce matsalar mahaifiyarsa ce, Hajiya Abibata. Ta rantse ba wanda zai kai goron ɗanta na fari sai da ita a ciki, ga ta da ciwon baya, ga hanyar Bawku zuwa Salaga a tsakiyar damina. Ku da kuka taso kan kwalta ba za ku gane ba. Daga Gushegu zuwa Yendi, daga Yendi zuwa Bimbilla, jar laka ce da ramuka, cikin mota yana shafar ƙasa. Sai ya roƙi Baba ya ɗaga masa jif ɗin ta yi tsayi, ya ɗauko Hajiya da kawunnansa a kawo goro Juma'ar tsakiyar wata.

Baba ya ƙara ganyen ƙarfe a sifirin da ke ɗauke da nauyin mota, gaba da baya, motar ta tashi kamar tsawon yatsu huɗu. Sualihu ya zagaya ta yana washe baki, har ya kama ƙofa zai shiga.

"Ina za ka?" in ji Baba. "Ɗagawa ai kowa ya iya. Ka leƙa ƙasa ka ga shakazobarka."

Shakazoba, mu a gareji shok kawai muke cewa, ita ce ke hana mota tsalle bayan ta faɗa rami. Tsofaffin nasa sun miƙe iya miƙewa tun mota tana tsaye, don an yi su ne daidai tsayinta na da. Baba ya ce in taya ta faɗa rami haka, shok ɗin ne zai riƙe ta a sama har ya tsinke. Dole a sayo dogaye.

Baba ba ya awo da tef. Ya ce in karyo masa karan dawa daga dangar Mma. Ya sa jak ya ɗaga mota har taya ta yi lilo a iska, ya ɗora karan tsakanin kunnen sama da na ƙasa inda shok ke kamawa, ya yi tsaga da wuƙa. Sannan aka sauke, aka loda buhunan doya, aka hau da taya ɗaya kan kututture har sifirin ya kwanta, ya sake tsaga ta biyu. Ya riƙe karan a gaban Sualihu.

"In ta buɗe ta kai wannan. In ta rufe kar ta wuce wannan da yawa. Yanzu faɗa min, me za ka ɗauka?"

"Mai laushi nake so, Baba, saboda bayan Hajiya."

"Mai laushi da mutum takwas da albasa? Za ta riƙa rawa da ku kamar kwalekwalen Makango, kafin Bimbilla Hajiya ta yi amai. Mai tauri kuma zai karya mata ƙugu. Ka nemi matsakaiciya, mai mai a ciki, mai kaurin jiki. Siririya tana zafi a kan gargada, in ta yi zafi kuma ta daina aiki."

Ina tsaye da sifana a hannu ina jin daɗi, don duk wannan na sani. Sai Sualihu ya karɓi karan ya ce:

"Zan kai wa Memuna a Yendi. Ita da ta ga karan nan ta gama ganewa. Babu abin da ba ta sani ba a kayan mota."

'Yan uwa, karo na uku ke nan ina jin sunan nan daga bakinsa, kuma kowane karo muryarsa tana yin wani laushi. Na ajiye sifanar da ƙarfi har Baba ya waiwayo. A raina na ce, to, ashe akwai wata mace a duniyar nan da ta san shok ban da ni, kuma tana kan hanyarsa, hanyar da yake bi sau huɗu a wata.

A lokacin babu waya a hannun kowa. Labari da saƙo duk a bakin direbobin lori suke. Washegari na tare Musah, mai lorin da ke zirga-zirga tsakanin Yendi da Salaga, na kai masa ruwan sanyi kamar abin kirki.

"Yaya Musah, wai wata tsohuwa ce mai sayar da kayan mota a Yendi?"

Ya yi dariya har ruwa ya sarƙe shi. "Tsohuwa? Memuna? Ba ta fi ki da shekara huɗu ba. Mijinta ne ya rasu ya bar mata shagon, kusa da tasha. Fara ce, mai wushirya. Direban da bai ci wake da shinkafarta ba ai bai je Yendi ba."

"Kowa take ba wa?"

"Wanda ta ga dama," ya ce, yana kallona ta gefen ido.

Kwana huɗun da Sualihu ya yi bai dawo ba, ni kaɗai na san abin da na ci. Na ƙona tuwo sau biyu. In na rufe ido sai in ga wushirya. Ina ta lissafi a raina: Yendi tafiyar yini ɗaya ce, sayen shok bai fi sa'a ɗaya ba, sauran kwanakin kuma fa? Na ɗauko madubin Mma na buɗe haƙorana ina dubawa, ni Zuwera, kamar wadda za ta saya. Na sa toka da lemun tsami na goge faratuna har suka yi zafi, baƙin mai bai fita ba.

Shi kuwa Baba yana can yana yanka ƙarfe. Tsakanin shasi da sandar da ke riƙe da tayoyi akwai wani dunƙulen roba, Baba yana ce masa matashi, shi ke tare sandar in mota ta doku da ƙasa. Ya yanka ƙarafa huɗu masu kaurin yatsu uku, ya huda su, ya goge bakinsu. Ranar Litinin aka aiko daga Makango cewa wata lori ta mutu a bakin ruwa da kayan mutane, sai ya kira ni kafin ya tafi.

"Ki saurara. Doguwar shok, ko ta rufe, ta fi tsohuwa tsawo. In ba a sauko da matashi ba, mota za ta doku, shok ta gama rufewa, sandar ba ta kai ga roba ba. Wa zai sha dukan?"

"Shok ɗin, Baba."

"Da kunnenta. Ki sa kowane ƙarfe a bayan matashi, noti biyu ne. Kar ki bari ya bar Salaga babu su. Mota babu kaya ba za ta nuna ba, sai an loda."

Na ce to. Na naɗe su a tsumma na kai ɗaki.

Talata da hantsi na ji ƙarar jif. Na riga na yi wanka, na ɗaura atamfar nan mai ruwan goro da zanen tsuntsaye, wadda shi ya kawo min, na sa kwalli, na yafa farin mayafi. Na fito ina tafiya a hankali kamar ban damu ba. Sai ga shi ya sauko cikin sabuwar batakari, saƙar Yendi, baƙi da fari, ta zauna masa a kafaɗa kamar don shi aka saƙa.

"Sannu da hanya. Riga ta yi kyau. Wa ya zaɓa maka?"

"Memuna ce ta nuna min masaƙin," ya ce, ko a jikinsa.

A kujerar gaba, inda nake zama in zai kai ni kasuwa, akwai kwanon sha da murfi, an ɗaure shi da ɗankwali mai ruwan hoda. Ban tambaya ba. Ƙamshin wake da shinkafa ya ba ni amsa.

Ya sauko da kwali. Shok huɗu ne, jajaye, masu kauri. Na ɗauki ɗaya na ja ta, na danna ta, na gwada da karan Baba, ina addu'a a raina Allah ya sa ta yi kuskure. Wallahi ba ta yi ba. Tsagar sama daidai, ta ƙasa ta wuce da kaɗan, kamar yadda Baba ya yi tsammani. Ko ni aka aika ba zan zaɓo wadda ta fi wannan ba, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai.

"Ta ce wai sai an ƙara wani abu a wajen roba," in ji Sualihu. "Ban gane sosai ba. Ta rubuto wa Baba takarda. Tunda ba ya nan, karanta mana, kin san ni da boko."

Takardar 'yar ƙarama ce, an yago daga littafin makaranta, tana ƙamshin turare. Har yau na haddace ta.

"Gaisuwa ga Baba Fita. Awonka ya yi kyau, ban taɓa ganin kara mai tsabta haka ba. Don Allah a sauko da roba kamar yatsu uku kafin a loda. Kar a bar Sualihu ya tafi haka, ba ya jin magana in yana sauri. Memuna."

Ba ya jin magana in yana sauri. Ita ta san ba ya jin magana in yana sauri. Ita ce za ta faɗa wa gidanmu halin Sualihu. Ƙarafan nan suna ɗaki, taku goma daga inda nake tsaye, kuma maganarta da ta Baba ɗaya ce. Amma in na ɗauko su, zai koma Yendi ya ce mata an yi yadda ta ce.

Na ninke takardar na ce, "Surutu ne na masu shago. Ba a buƙata."

"Ta dage fa, Zuwe."

"To ka zaɓa. Ko maganar Yendi, ko maganar Salaga. Ni a ƙarƙashin mota na girma, ba a bayan kanta ba."

Ya tsaya yana kallona, sannan ya yi wannan murmushin nasa. "Haba 'yar fita. Ni da zan kawo goro gidan nan, maganar wa zan bi in ba taki ba?"

Na ji daɗi, kar in yi muku ƙarya. Daɗin ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na canza zane, muka shiga ƙarƙashin mota, yana riƙewa ina ɗaure noti, muka sa shok huɗu kafin azahar. Ya zagaya da ni cikin gari, motar tana tafiya lumui, ko ramin gaban masallaci ba mu ji ba. Ya ce hannuna yana da albarka. Da zai tafi ya miƙo min kwanon nan ya ce in ɗanɗana, na ce na ƙoshi.

Kuna so ku san abin da na ƙudurta? Na ce a raina, iyaka dai shok ɗaya ta riƙa ƙwanƙwasa, ko ta zubar da mai. Ya iso Salaga yana ƙorafi, ni kuma in ce ai ga kayan Memuna nan. Sai in ɗauko ƙarafan in gyara, a ce Zuwera ce ta ceci motar. Ban kawo mutum takwas a raina ba, ban kawo bayan Hajiya ba. Wushirya kawai nake gani. Na tura ƙarafan can ƙasan akwati, ƙarƙashin atamfofin da nake tarawa na aure.

Baba ya dawo ranar Alhamis a gajiye. Yana wanke hannu da kananzir ya ce, "Motar mutumin Bawku fa?" Na ce, "An gama, Baba." Ya gyaɗa kai bai ƙara tambaya ba, don bai taɓa samun dalilin sake duba aikina ba.

Juma'ar goro ta zo bayan kwana takwas. Tun da safe Mma ta sa aka share tsakar gida aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi sababbi a zaure. An yanka zabi huɗu, an daka sakwara, an dama fura. Hannuwana da ƙafafuna sun sha lalle tun jiya, ya kama ja wur. Ina ɗaki cikin leshi ruwan sararin sama, duk ƙarar mota sai in leƙa ta taga. Aka sauko daga masallaci, shiru. Kawunnaina suka zauna a zaure suna hira har hirar ta ƙare. Sakwara ta huce. Mma ta daina shiga ɗakina.

Bayan la'asar lorin Musah ta tsaya a ƙofar gida. Bai ko kashe inji ba ya sauko, ya durƙusa a gaban Baba a bakin zaure. Na fito na laɓe a bayan ƙyaure.

"Baba, kowa yana da rai, in fara da wannan. Jiya da yamma ne, sun baro Gushegu, saura kaɗan su shiga Yendi. Su takwas, ga goro, ga albasa a sama. Suka faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Shok ɗin baya ta doku ta karya kunnenta, motar ta kwanta gefe ta gangara cikin kwalbati."

"Hajiya fa?" in ji Mma.

"Bayan ne. Ba ta iya miƙewa. A tabarma aka ɗauke ta, gidan Memuna ya fi kusa, can aka kai ta. Yarinyar nan ta rufe shago, ita ke dafa ruwa tana gasa mata, tana shafa mata man kaɗe. Da safen nan da na je Hajiya tana riƙe da hannunta, tana cewa ba ta tashi daga gidan sai ta warke. Har tambaya take wai 'yar wace ce."

Na dafa bango. Ni da hannuna na ɗauki uwar Sualihu na kai ta ɗakin Memuna, na shimfiɗa mata tabarma.

Musah ya sunkuyar da kai. "Akwai kuma wata magana, Baba, gara ka ji daga bakina. Memuna ta leƙa ƙarƙashin motar a gaban direbobi, ta tambaya ina ƙarin robar da ta rubuto. Sualihu ya ce a garejin Salaga aka ce ba a buƙata. Bai kama sunan kowa ba. Amma tasha duk ta ɗauka, ana cewa Wahabu Fita ya tsufa."

Shekara talatin Baba yana wannan aiki, mota ba ta taɓa barin hannunsa ta kwanta a hanya ba. Ya yi wa Musah godiya. Ya sallami kawunnaina, ya ce a raba abincin ga maƙwabta. Da zaure ya yi shiru sai ya kira ni, ba da ƙarfi ba.

"Zuwera. Kawo su."

Ban ce mene ne ba. Na je na buɗe akwati, na ɗaga atamfofi, na ɗauko ƙunshin. Ya kwance tsumman ya ƙirga su da yatsa, huɗu, ko tsatsa ba su yi ba. Mma ta dafe ƙirji ta zauna a kan turmi.

"Mantawa kika yi?"

Ga ƙofa ya buɗe min, da na ce e da ya karɓa. Na ce, "A'a, Baba."

Ya mayar da su cikin tsumman ya ɗora a tafin hannuna, a kan lallen. "Musah zai koma Yendi gobe da safe. Ke za ki kai su. A gaban Hajiya, da Sualihu, da yarinyar da ta rubuto min takarda, za ki faɗi wanda ya riƙe su, da dalili."

"Baba, in na faɗa ba zai aure ni ba."

"Mai yiwuwa," ya ce. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Na tsaya a tsakar gida da ƙarafa a hannu, Mma tana kuka a kan turmi, saura kwana goma sha biyu watan Damba ya fita. Na yi muku alkawarin ba zan shafa hoda ba, to ku ji. A wannan lokacin ba bayan Hajiya nake tunani ba, ba ma sunan Baba ba. Tunanin da nake yi shi ne wace atamfa zan ɗaura gobe, wadda Memuna za ta fara ganina da ita.